Kafin ka ɗaura wa ƙaramar motarka ƙarfe, duba ƙafafunta

Akwai wata sabuwar magana da ta shiga bakin samarinmu masu tuƙa ƙananan motoci, daga Aboabo zuwa Asawase har Tafo Zongo. Masu Vitz ne, da Picanto, da i10, da tsofaffin Matiz. Wasu tasi suke yi, wasu Bolt ko Uber ko Yango, da yawansu kuma motar ba ta zama tasu ba tukuna, suna biya ne mako-mako har su gama. Maganar ita ce ta sandar ƙarfe da ake gittawa a ƙarƙashin bonet, wadda suke kira sitirot ba. Sun gan ta a TikTok da YouTube, ja ko shuɗiya tana walƙiya, an ce musu da zarar an ɗaura ta mota za ta daina rawa a kan hanya, ta riƙa shan kwana kamar ta tsere. Mai ɗan hali ya yi oda daga Sin, wanda ba shi da shi ya nufi Suame Magazin a yanka masa bututu a yi masa walda. Wasu daga cikinsu yaran da suka zauna a ajina ne, shi ya sa abin ya dame ni.

Ra'ayina a taƙaice: sandar ba ƙarya ba ce, tana da aikinta, amma ita ce abu na ƙarshe da ƙaramar mota a Kumasi take buƙata. Wanda ya fara da ita ya ɓata kuɗinsa, wanda kuma ya yarda aka yi masa waldarta a jikin mota yana wasa da rayukan mutane.

Mu fara da abin da take yi. A irin waɗannan motoci, kan shok na gaba yana ɗaure ne a jikin motar kanta, a wasu tudu biyu da za ka gani dama da hagu idan ka buɗe bonet. Idan ka sha kwana da ƙarfi, tudun nan biyu suna ɗan motsawa, motsin da ido ba ya gani, sai tsayuwar taya a ƙasa ta ɗan sauya. Sandar tana haɗa su ne don su riƙe juna. Shi ke nan aikinta. Direba mai kula zai iya jin sitiyari ya ɗan ƙara tsayawa, musamman a motar da ta tsufa jikinta ya saki. Amma ba ta hana mota kwantawa gefe a kwana. Wannan aikin sifirin ne da shok da wani ƙarfe daban da ke ƙasa, wanda tun daga kamfani aka sa shi yana haɗa ƙafafun gaba biyu.

To me samarin suke kuka da shi? Ka tambaye su za ka ji: mota tana ja gefe ɗaya, tana lilo bayan ta faɗa rami, sitiyari yana da wasa, idan aka taka birki gaba ya nutse, idan babbar mota ta wuce ta a hanyar Accra sai ta yi kamar za ta bi iska. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ciwon da sanda ke warkarwa ba ne. Shok ne ya mutu ya zubar da mai, robobin ƙafa ne suka tsage, bol join ne da tayarod suka cinye, alaimen ne aka rabu da yi tun ranar da aka sayi motar. Hanyoyin cikin unguwanninmu da tudun rage gudu da kowace unguwa take ginawa yadda ta ga dama su ne ke cin waɗannan kayan, kuma ba sa jin kunyar sanda ko da an yi mata fenti ja.

Sai taya, wadda ita ce aka fi yi wa rowa. Duk motar nan, da kai da fasinjojinka, abin da ya haɗa ku da ƙasa wuri huɗu ne, kowanne bai fi tafin hannu ba. Amma mutum zai sayi tayoyi huɗu 'yan gwanjo, kowace da kamfaninta da shekarunta, ya ce wa mai faci ya bunƙa musu iska yadda za su ɗauki kaya, sannan ya zo yana neman ƙarfen da zai gyara masa tafiya. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2316, an yi ta ne a mako na 23 na 2016, robar ta bushe ko da zanenta yana nan. A cikin zanen kuma akwai ɗan tudu da ke nuna an kai milimita 1.6, idan ya yi daidai da fuskar taya, ta gama aiki. Iskar da ta dace tana rubuce a jikin ƙofar direba ko a littafin motar, ba a bakin mai faci ba. A ruwan watan Yuni, a gangaren dutsen Mampong, waɗannan ne za su riƙe ka.

Yanzu bari in zo kan Magazin, kuma in yi maganar da ladabi, don babu gidan Zongo da ba shi da wanda ya ci abinci daga can. Wurin da ya samo sunansa daga ma'ajiyar makamai ta zamanin Turawa ya zama ɗaya daga cikin manyan matattarar masu gyaran mota a Afirka ta Yamma. Tun 1980 jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi ta buɗe cibiyar koyar da fasaha a cikinsa, a 2013 kuma masu sana'ar wurin suka haɗa mota sukutum da suka kira SMATI Turtle. Motocin kaya daga Burkina da Mali da Nijar suna zuwa a yi musu bodi. Hannu akwai shi, babu mai musu.

Sai dai sunan da Magazin ya yi, a kan manyan motoci ya yi shi. Motar kaya tana da shasi daban, dogayen ƙarafa biyu masu kauri da aka ɗora bodi a kai. A can idan ka ƙara faranti ko ka ƙara ganyen sifirin, ka ƙara mata ƙarfin ɗaukar kaya. Ƙaramar mota ba haka aka gina ta ba. Ba ta da shasi daban. Jikin nata shi ne shasin, falle-fallen ƙarfe ne marasa kauri da aka lanƙwasa aka haɗa, kowane lanƙwasa da dalilinsa. Masta da ya ɗauko ilimin tirela ya kawo kan Picanto, da kyakkyawar niyya zai yi ɓarna. Zafin walda yana raunana irin wannan ƙarfe a daidai gefen ɗinkin, yana ƙone abin da ke kare shi daga tsatsa, bayan damina biyu sai tsagewa ta fito a wurin da aka ce an ƙarfafa. Idan kuma ba a cire batir ba, kwamfutar injin ma tana iya tafiya.

Abin da ya fi wannan muni shi ne wanda ba a gani sai ranar haɗari. Gaban ƙaramar mota an yi shi ne don ya murƙushe. Mu a nan idan muka ga mota ta yi karo gabanta ya lotsa sai mu ce ba ta da ƙwari, gwangwani ce. Alhali lotsewar ita ce ta shanye dukan da zai isa ƙirjin direba. Wani injiniya mai suna Béla Barényi ne ya kawo wannan tunani a kamfanin Mercedes, suka fara fitar da mota a kansa a 1959, yau kuma duk duniya haka ake gini. Idan ka cika gaban da bututu da ƙarfen kwana, motar za ta fito da kyan gani, mutanen ciki su ne za su karɓi dukan. Jakar iska ma an auna lokacin fashewarta ne da yadda gaban yake lotsewa. Kuma kada wani ya ɗauka sanda za ta mayar da mota mai rauni ta zama mai ƙarfi. A 2017, lokacin da ƙungiyar Global NCAP ta fara gwajin karo na motocin da ake sayarwa a Afirka ta Kudu, Chery QQ3 ko tauraro ɗaya ba ta samu ba wajen kare manya. Raunin yana cikin ginin ɗakin da mutane ke zama, ba abin da za a ɗaura a ƙarƙashin bonet ya gyara shi.

Akwai kuma masu amfani da sanda don rufe asiri. Kowa ya san motoci masu haɗari suna sauka a Tema daga gwanjon Amurka, a miƙe su a yi fenti a kai kasuwa. A 2020 majalisa ta yi dokar hana shigo da irinsu, 'yan kasuwa suka yi ca, aka dakatar da aiwatarwa. Vitz kuwa motar Japan ce mai sitiyari a dama, mu kuma tun 1974 muke bin hannun dama, don haka da yawa an yanka an mayar da sitiyarin hagu kafin su hau titi. Motar da jikinta ya karkace ko aka yi mata wannan juyi ba da kyau ba, ba za ta taɓa tafiya daidai ba. Idan ka je sayen mota ka ga an gitta mata ƙarfe da walda, kada ka ce an yi mata gata. Ka tambayi abin da ake ɓoyewa, ka sa a ɗaga ta a auna. Wanda kuma ya sayar bai faɗa ba, ya san sunan abin da ya yi, algus ne.

Wani zai ce, Malam, ai tsofaffin tasi tudun shok ɗinsu tsagewa yake yi saboda ramuka, sanda tana taimakawa. Gaskiya ne tana raba nauyin tsakanin gefe biyu. Amma idan ya riga ya tsage ko ya yi tsatsa, gyara yake so a hannun mai miƙa bodi da ya san aikinsa, ba a ɗaure shi da ɗan'uwansa ba.

Wanda ya gama da taya da shok da robobi da alaimen, motarsa ba ta taɓa karkacewa ba, kuma har yanzu yana son sandar, to bismilla, ga yadda zan ce ya zaɓa. Ta zama wadda aka yi wa irin motarsa da shekararta, mai hawa kan notocin shok da suke nan, ba tare da huda ko walda ba. Wadda take guda ɗaya ta fi mai gaɓoɓi a gefe, don gaɓa tana barin motsin da ake son hanawa. A ɗaura ta mota tana tsaye a kan tayoyinta a wuri mai lebur. Idan sai an danna ko an buga guduma kafin ramukan su hau, a tsaya, ko sandar ba ta motar ba ce ko motar ta karkace. A duba kada ta taɓa bonet, ko batir, ko tulun man birki. Ta baya kuwa a bar ta a shago: yawancin waɗannan motoci ƙafafun bayansu ƙarfe ɗaya ne ya haɗa su, nauyin kwana ba ta kan shok yake bi ba. Masu shiga ƙarƙashin mota suna rage mata tsayi daga ƙasa, tudun farko a Sawaba zai gaya maka. Ƙarfen hana kwanciya mai kauri a baya shi kam yana sauya tafiya sosai, har ya sa bayan mota ya zame a jiƙaƙƙen titi, ba abin gwaji ba ne da fasinja a ciki.

Ɗan'uwa mai biya mako-mako, ka kuma tuna motar ba taka ba ce tukuna. Ka tambayi mai ita kafin a taɓa jikinta, ka tambayi kamfanin inshora ko sun yarda, don ranar da abu ya faru za su buɗe bonet su duba. Takardar lafiyar mota ta DVLA da ke manne a gilashinka ba ta san abin da aka yi bayan an ba ka ita ba. Waɗanda ke zaune a bayanka da safe, Hajiya ce mai zuwa Kejetia da yara uku masu jakar makaranta, kuma ba wanda ya tambaye su kafin a kunna injin walda.