RA'AYINMU: Kada Ka Sari Tukunyar Da Ba Ka San Cikinta Ba

A ranar 25 ga Yulin 2015, tukunyar iskar kulorin ta fashe a matatar ruwan sha ta Lamingo da ke Jos, mutum 8 suka rasu, aka kwantar da kimanin 100 a asibiti. A watan Mayun 2022 kuma, a unguwar Mundadu ta Kano, masu sana'ar gwangwan suka fasa wata tsohuwar tukunya, gubar cikinta ta bi iska, aka yi ta jigilar jama'a asibiti. A Yunin wannan shekarar ta 2022 aka yi irinta a tashar jiragen ruwa ta Aƙaba a Jodan, inda igiyar ƙarfe ta tsinke, tankin kulorin ya faɗo, mutum 13 suka mutu.

To 'yan uwa, in gemun ɗan uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa. Daga Dogarawa zuwa Samaru da cikin Sabon Gari, su wa ke walda? Su wa ke gyaran firji, da sayen ƙarafa, da lebura a kamfanoni? Matasa ne, ku ne. Kuma in abin ya faru, talaka ne ke shaƙa, mai kamfani yana can gidansa.

Saboda haka a riƙe waɗannan da kyau. Tukunyar gas a tsaye ake ajiye ta, a ɗaure da sarƙa, da hularta a kai, a inuwa, nesa da wuta. Ba a jan ta a ƙasa, ba a jefo ta daga mota. Wadda ake cewa ta ƙare ma akwai saura a ciki, don haka wanda aka kawo wa tukunyar da bai san asalinta ba, kada ya sa mata guduma ko wutar yanka, kome arharta. Ganin kitse ne ake yi wa rogo. Mai walda kuwa ya sani cewa man giris ko baƙin mai a bakin tukunyar oksijin gobara ce.

Ita kulorin launinta ruwan ɗorawa ne mai ɗan kore, tana yaji a ido da maƙogwaro, kuma nauyinta ya ninka na iska kusan sau biyu da rabi, shi ya sa take kwanciya a kwari da ƙasan ɗaki. In ta tsiyayo, kada ka tsaya kallo, kada ka sunkuya. Ka nufi tudu, ka bi ɓangaren da iska ke fitowa, ka toshe hanci da jiƙaƙƙen ƙyalle, ka yi wa maƙwabta shela. Kada a watsa wa inda ke yoyon ruwa, domin ruwan yana ƙara cin ƙarfen, hujin ya ƙara faɗi. Wanda ya shaƙa a cire masa tufafin, a wanke masa ido da ruwa mai yawa, a garzaya da shi asibiti ko da yana cewa ya warware, saboda huhu kan kumbura bayan sa'o'i.

Muna kuma kira ga masu kamfanoni da hukumomin ruwa da su ji tsoron Allah. Tura yaro ya canza tukunyar guba ba tare da horo ba, ba takunkumin numfashi, zalunci ne tsagwaronsa. Sayar wa 'yan gwangwan tsohuwar tukunya a maimakon mayar wa kamfanin da ya cika ta, cin amanar unguwa guda ne.

Kai kuma ɗan uwa, tambayar abin da ke cikin tukunya kafin ka taɓa ta haƙƙinka ne, ba tsoro ba ne. In aka hana ka kayan kariya, ka ƙi aikin, abokan aikinka su mara maka baya. Kuɗin yini ɗaya bai kai ranka ba. Allah Ya kiyaye mu baki ɗaya.