Haraji, auren jinsi, da takardar da gwauruwa ke bukata

A shekarar 2024 fargaba biyu suka ratsa Arewa, ba su kuwa tsallake majami'unmu ba. A watan Yuli aka baza cewa Yarjejeniyar Samoa da Najeriya ta sa wa hannu ta buɗe ƙofar auren jinsi, daga baya jaridar da ta fara buga labarin ta nemi afuwa. Kafin shekara ta fita kuma aka ce ƙudurorin haraji na Shugaba Tinubu za su taɓa gado. An sa hannu a dokar a watan Yunin 2025, aka tsayar ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026, babu harajin gado a cikinta. Amma akwai ƙasar da auren jinsi da harajin gado suka haɗu a shari'a guda, kuma labarin yana da abin da zai nuna mana game da namu gidajen.

Edith Windsor da Thea Spyer mata ne 'yan New York a Amurka, sun yi zaman sama da shekara 40 tare, suka ɗaura aure a Kanada a 2007. Spyer ta rasu a 2009, ta bar wa Windsor dukiyarta. A dokar Amurka, abin da miji ko mata suka gada daga juna ba a cire masa haraji. To amma wata dokar tarayya ta 1996 ta ce aure na namiji da mace ne kaɗai, don haka aka caji Windsor dala 363,053. Ta biya, ta kai ƙara. Ranar 26 ga Yuni, 2013, Kotun Ƙoli ta soke wannan sashe da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, aka mayar mata da kuɗinta. Bayan wata biyu hukumar harajin ƙasar ta ce ma'auratan jinsi ɗaya su riƙa cike takardun haraji kamar sauran ma'aurata.

Abin da ya sa rigimar ta kai haka shi ne gwamnatin Amurka ta rataya kaya masu yawa a wuyan aure. Wani ƙidaya na hukuma a 2004 ya samu tanade-tanade 1,138 a dokokin tarayya da suka dogara ga ko mutum yana da aure. Duk wanda aka ce aurensa ba aure ba ne, aljihunsa zai ji.

Koyarwar ikkilisiyoyinmu a kan aure sananniya ce: namiji ɗaya da mace ɗaya. Dokar ƙasa ma ta rufe zancen. Dokar da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14, ta kuma ce takardar auren jinsi da aka samo daga waje ba ta da ƙarfi a nan, kotu ba za ta tilasta ba da wata moriya saboda ita ba. (Wannan ba izini ba ne na dukan kowa a titi saboda zargi, kuma bai kamata a ga hannun mai bi a irin wannan taron ba.)

Ko da babu wannan doka, harajinmu bai cika damuwa da aure ba. Ɗauki miji da mata da ke haya a unguwar Gobarau cikin Katsina, shi malamin makaranta, ita ma'aikaciyar jinya, kowa na karɓar naira 100,000 a wata. Kowa za a yi masa lissafinsa daban. Naira 800,000 ta farko a shekara ba haraji, ragowar 400,000 a cire kashi 15 cikin ɗari, wato 60,000, kuma zai ragu idan aka fidda kuɗin fansho da rangwamen haya. Maƙwabcinsu tuzuru mai irin albashin, lissafinsa ke nan shi ma. In ban da ƙananan abubuwa kamar kuɗin inshorar rai da mutum ya biya wa matarsa, takardar aure ba ta ƙara ba ta rage.

Inda takardar ke aiki a wurinmu shi ne ranar rasuwa. Windsor gwauruwa ce da hukuma ta ce wa ba ta san da aurenta ba, mu kuwa muna da gwauraye da yawa da ke jin wannan magana daga bakin dangin miji. A birni da ƙauyukan Malumfashi da Kafur, ana ɗaura aure a majami'a, a yi waƙa, a ci shinkafa, kowa ya ɗauka an gama. Dokar Aure ta ƙasa tana neman fiye da haka: a ba da sanarwa a ofishin rajista, a jira kwana 21, a karɓo takardar izini, sannan a ɗaura a majami'ar da ke da lasisi a gaban shaidu biyu. Idan ba a bi wannan ba, albarka aka sa, kotu kuwa tana iya ɗaukarsa auren al'ada, rabon gado ya bi al'adar dangin miji. Sau da yawa gona da gida sukan koma hannun 'yan'uwan mamaci, matar da ta yi shekara talatin tana noma gonar ta koma gidan ubanta da 'ya'ya.

Haka batun fansho. Ma'aikacin tarayya ko na kamfani yakan rubuta sunan matarsa a fom ya kwanta da daɗi. Dokar fansho ta 2014 kuwa tana neman wasiyyar da kotu ta tabbatar, ko takardar izinin kula da dukiyar mamaci. Samun wannan takarda yana cin watanni da kuɗin mota, kuma ana biyan kaso daga darajar dukiyar. Ba a kiransa haraji, amma daga bakin marayu yake fita.

'Yan'uwa, tambayar da za a kai wa dattawa a taro mai zuwa ita ce ko majami'armu tana da lasisin ɗaura aure, kuma nawa ne cikin ma'auratanmu ke riƙe da takardar rajista. Waɗanda suka yi auren al'ada suna iya zuwa su yi rajista ko bayan shekara ashirin. Wanda ya karɓi bangaskiya yana da mata fiye da ɗaya, wannan ƙofa a rufe take gare shi, domin Dokar Aure mace ɗaya ta sani. Shi sai ya rubuta wasiyya, ya ambaci kowace mace da 'ya'yanta da suna.