Da A Ce Ni Zan Zaɓi Mawaƙan Faifan Karrama Shata

Alhaji Mamman Shata ya rasu ranar 18 ga Yuni, 1999, aka kai shi Daura aka rufe, a garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar. Fiye da shekara ashirin da biyar ke nan, kuma har yau muryarsa ba ta bar tashoshin mota da majalisun dattawa ba, daga Katsina zuwa Mashi har Daura. Sai dai a dubi masu saurarensa: akasarinsu furfura ta fara yi musu sallama. Matashin da ya taso da waya a hannu ya san sunan Shata, amma da wuya ya iya zama ya ji waƙa guda ta minti ashirin, musamman wadda aka kwafo daga tsohon kaset mai shuu.

Akwai maganin da wasu al'ummu suka gwada. A shekarar 2002, shekara biyar bayan rasuwar Fela Kuti, ƙungiyar Red Hot ta Amurka ta fitar da faifan Red Hot + Riot, inda mawaƙa irin su D'Angelo da Macy Gray da Baaba Maal da ɗansa Femi suka sake rera waƙoƙinsa, kowa da salonsa. A 2009 kuma aka kai rayuwarsa dandalin Broadway a New York a matsayin wasan kwaikwayo na kiɗa. Mutane da yawa ta wannan ƙofa suka shiga, sannan suka koma neman Fela na asali. Ra'ayina shi ne Shata ya cancanci irin wannan faifai, kuma da zaɓi zai zo hannuna, ga yadda zan raba aikin.

Kafin sunaye, sharaɗi biyu. Na farko, ba a neman mai kwaikwayon murya. Wanda ke son Shata tsantsa ga Shata nan. Kwafi ba ya fin asali. Na biyu, kalangu da 'yan amshi su zauna daram. Hausa harshe ne mai karin sauti, kuma kalangu yana bin hawa da saukar magana ne, shi ya sa ake cewa yana magana. In aka ɗora waƙar Shata a kan kiɗan fiyano na kwamfuta kaɗai, aka tilasta wa kalmomi bin wani kari na daban, ma'ana kanta tana iya gurɓacewa. Jita da sauran kayan zamani su shigo a matsayin baƙi, su bi bayan mai gida.

Waƙar Sarkin Daura Muhammadu Bashar ita za ta buɗe faifan, kuma Naziru M. Ahmad zan ba. A cikin mawaƙan yau yana cikin ƙalilan da suka san nauyin waƙar fada: inda ake jan murya, inda ake tsayawa a bar kirari ya sauka. Waƙar "Na Tsaya Ga Annabi Muhammadu" kuwa ta Aminu Ladan Abubakar Alan Waƙa ce. Marubuci ne kafin ya zama mawaƙi, yana furta kowace kalma a cike, kuma waƙa irin wannan natsuwa take so fiye da ado.

"Kilishi Jikar Dikko" zan miƙa wa Fati Nijar. Shata ya yi wa mata waƙoƙi masu yawa, amma kullum ta bakin namiji muke jin su. Idan mace ta rera yabon mace, waƙar za ta sami wata fuska da ba mu saba gani ba. "Bawa Direba" ta dace da Ali Jita, domin waƙa ce ta hanya da motsi, kuma shi ya iya kiɗan da ke sa jiki ya amsa.

Inda zan yi kasada shi ne waƙar kumbon Apollo 11, wadda Shata ya yi kan tafiyar Amurkawa duniyar wata a 1969. Mutumin da ya ɗauki kalangu ya yi wa kumbo waƙa ba mai tsoron sabon abu ba ne. Don haka zan haye iyaka in gayyato Mdou Moctar, Buzun Nijar da jitarsa ta lantarki ta zaga Turai da Amurka, musamman bayan faifansa Afrique Victime na 2021. Shi da Tamashek yake waƙa, saboda haka jita kawai zai riƙe, ClassiQ ya ɗauki baitoci da salon gambarar zamani. Idan akwai wurin da kiɗan rok zai haɗu da kalangu ba tare da an ci mutuncin ɗaya ba, nan ne, domin jitar Sahara ita ma maimaita zango guda take yi har ya ratsa mai sauraro, kamar dai amshin Shata.

Sai Dauda Kahutu Rarara, wanda na san wasu za su ce a bar shi a gefe saboda siyasa. Ban yarda ba. Ɗan jihar Katsina ne, kuma a fagen habaici da saurin ƙulla magana yana cikin waɗanda suka fi kusa da wannan gado. Amma "Gagarabadau" ba za ta shiga faifan ba, ko a bakinsa ko a bakin wani. Zambo ne da aka yi wa mutum mai iyali, kuma abin da Shata ya faɗa cikin fushin zamaninsa bai wajaba mu sabunta wa jikokin wani shi ba. A ba Rarara "Hassan Sarkin Dogarai", mu ji abin da zai yi idan babu zaɓe a gabansa.

"Bakandamiya" ba ta mutum ɗaya ba ce. Kirarin kai ne, kuma duk wanda ya rera ta shi kaɗai zai zama mai sa rigar da ta fi ƙarfinsa. A tara su duka, kowa ya ɗauki ɗiya guda, Sanusi ɗan Shata ya ja gaba.

Masu adawa za su ce Shata nan take yake ƙirƙira, ba ya rera waƙa iri ɗaya sau biyu, don haka ɗaure ta a faifai kashe ta ne. Wannan hujja tana goyon bayana ne. Idan shi da kansa bai ɗauki waƙarsa a matsayin abin da ya daskare ba, sabunta ta bin sunnarsa ce, muddin an kiyaye ladabi.

Abin da ya fi zaɓen mawaƙa muhimmanci shi ne haƙƙi. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya tana kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, wato har ƙarshen 2069. Dole a zauna da magada, a rubuta yarjejeniya, a ware musu kasonsu. Wani kaso kuma ya tafi ga tattara tsofaffin kaset da faya-fayan da ke gidajen rediyo da hannun masu sha'awa, a tace su, a adana. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun rubuta tarihinsa a Shata Ikon Allah a 2006. Malamai sun yi nasu. Saura mawaƙa da masu hannu da shuni na Katsina da Daura, kuma gara a fara tun makaɗan da suka ga Shata da idonsu suna raye, su gyara wa yara hannu a kan kalangu.