Kaurin Wayar Sigarin Lantarki: Babu Awon da Zai Kare Huhu

Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, kayan da ake shigowa da su daga waje suka yi tsada, har da kwayil ɗin sigarin lantarki, wanda matasa ke kira vape. Kwayil shi ne ɗan murɗaɗɗen ƙarfen da ke ɗaukar zafi ya mayar da ruwan nikotin tururi. Yana ƙonewa cikin 'yan makonni, don haka wasu masu sha kan gwammace su sayi waya su naɗa da kansu. Tambayar da suke yi ita ce: mai kauri ta fi, ko siririya?

A fannin lantarki amsar a fili take. Waya mai kauri ba ta turje wa wuta sosai, saboda haka tana jan wuta mai yawa daga batir, ta ba da tururi mai yawa. Siririya kuma tana saurin yin ja, tana saurin ƙona audugar da ke cikinta. A fannin lafiya kuwa, kowace da irin ɓarnarta.

Wayoyin da aka fi amfani da su haɗin ƙarafa ne. Kanthal ta ƙunshi baƙin ƙarfe da kuromiyom da alminiyom, Nichrome kuma nikel ce da kuromiyom. Idan suka yi zafi, ɓurɓushinsu na bin tururin zuwa cikin huhu. A 2018 masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins da ke Amurka sun auna na'urorin mutum 56, suka samu dalma da kuromiyom da nikel da manganis a tururin. Dalma dai mun san ta: ita ce ta hallaka yara aƙalla 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010. Wasu nau'o'in nikel da kuromiyom kuma an tabbatar suna haddasa sankarar huhu da ta hanci.

Haɗari na biyu batir ne. Idan waya ta ja wutar da ta fi ƙarfinsa, yana iya fashewa a baki ko a aljihu. A watan Mayun 2018 irin wannan fashewar ta kashe wani mutum a jihar Fulorida.

Me ya sa wannan ya shafi Sharaɗa da Challawa da Bompai musamman? Dalili biyu ne. Na farko, waya ba ta wahalar samu a wuraren nan: ta jan ƙarfe wadda masu naɗin injin ke aiki da ita, ta ɗaurin kaya, da ragowar ta tsofaffin injina. Ba a yi ko ɗaya domin a shaƙi hayaƙinta ba. Ta naɗin injin tana da rufin fenti da ke ƙonewa, ta ɗauri kuma galibi an shafe ta da tutiya, wadda hayaƙinta ke kawo zazzaɓi da ciwon jiki da ƙuncin ƙirji, kamar yadda masu walda suka sani. Sau da yawa akan ɗauka maleriya ce.

Na biyu, huhun ma'aikatan nan ya riga ya ɗauki kaya. Kamfanonin jimar fata na aiki da kuromiyom, har an daɗe ana kuka da dagwalon da ke kwarara kogin Challawa daga Sharaɗa da Challawa, da wanda ke shiga rafin Getsi daga Bompai. Ga ƙurar masaƙa, ga hayaƙin narka roba. Wanda ya wuni cikin wannan, sannan ya zuƙi tururin ƙarfe lokacin hutu, ya ƙara wa Barno dawaki ne.

Dokar Taƙaita Shan Taba ta 2015 ta hana sayar da taba ga wanda bai kai shekara 18 ba, amma babu mai duba wayar da matashi ya naɗa a ɗakinsa. A Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasashe 34 sun haramta sayar da sigarin lantarki. Ya kamata hukumomin Kano da asibitocin kamfanoni su sa tambayar vape cikin gwajin lafiyar ma'aikata.

Idan kana sha, kuma kana fama da tarin da ya wuce mako biyu, ko haki, ko ciwon ƙirji, ka je asibiti ka faɗa wa likita gaskiyar abin da kake zuƙa da irin aikin da kake yi. Akwai hanyoyin daina nikotin da ba sa buƙatar batir ko waya.