Rigakafin HIV a Zamfara: Ƙirga kwalaben da aka raba bai isa hujja ba

Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 na ɗauke da ƙwayar cutar HIV, yayin da shiyyar Arewa maso Yamma ke da kashi 0.6. Wannan abin farin ciki ne, amma yana tattare da matsala ga masu shirin raba PrEP, maganin da mai lafiya ke sha don kada ya kamu.

A jiha irin Zamfara, idan aka bai wa mutum dubu maganin kuma babu wanda ya kamu, hakan bai tabbatar da komai ba, domin galibinsu ko babu magani ba za su kamu ba. Tambayar da masana hanyoyin gano ainihin sanadi ke yi ita ce: da ba a ba su ba, me zai faru?

Tarihin maganin ya nuna muhimmancin tambayar. A gwajin da aka yi wa ma'aurata sama da 4,700 a Kenya da Uganda, waɗanda ɗayansu ke ɗauke da cutar, maganin ya rage kamuwa da kashi 75. Amma gwajin VOICE da aka yi wa mata kimanin 5,000 a Afirka ta Kudu, Uganda da Zimbabwe bai nuna wata kariya ba. Galibin matan sun ce suna sha, sai gwajin jini ya gano maganin a ƙasa da kashi 30 na samfuran. Ashe ba maganin ne ya gaza ba, shan sa ne ba a yi.

A nan gida, rajistar asibiti kan iya yin irin wannan yaudarar. Matar da ke zaune a Damba, gefen Gusau, za ta iya hawa Keke Napep ta karɓo maganinta kan lokaci. Takwararta a ƙauyukan Tsafe ko Bungudu, wadda 'yan bindiga suka tare wa hanya ko suka raba da gidanta, sai sunanta ya ɓace daga littafi. Idan aka kwatanta su kai tsaye, tazara da tsaro da ƙarfin aljihu aka auna, ba tasirin shirin ba.

Akwai mafita marar tsada. Tunda ba za a iya fara shirin a dukkan asibitoci rana ɗaya ba, sai a jefa ƙuri'a kan wanda zai fara. Waɗanda ke jiran layi su zama ma'auni, kuma a ƙarshe kowa ya samu. Sannan a riƙa rubuta dalilin daina zuwan mutum: ƙaura, tsoron tsangwama ko rashin kuɗin mota.

Lokaci ma ya ƙure. A farkon 2025, bayan gwamnatin Trump ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, shirin PEPFAR na Amurka ya taƙaita PrEP ga masu juna biyu da masu shayarwa. A Yulin shekarar kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da lenacapavir, allurar da ake yi sau biyu a shekara. Ga wanda zuwa asibiti ke nufin sayar da rai a hanya, allurar na iya fin ƙwaya amfani, amma sai an auna kafin a yanke hukunci.

Don haka ya kamata hukumar NACA da takwararta ta jiha su fara da waɗanda haɗarinsu ya fito fili, musamman matar da mijinta ke ɗauke da cutar kuma maganinsa bai riga ya danne ta ba. Rahoton ƙarshen shekara kuwa ya faɗi mutum nawa suka ci gaba da sha bayan wata shida, da kuma waɗanda aka kwatanta su da su.