Hoton tauraro ba ya tashin mai barci

Akwai ƙasashen da ruwa ke cin gari ba tare da an yi ko yayyafi ba. A Siberiya da arewacin Kanada manyan koguna suna daskarewa watanni, kuma da yawansu arewa suke gangarawa. In sanyi ya fara sauka, kudu ne ke fara narkewa, ruwan ya taho ya tarar da ƙanƙara ta toshe hanya, sai ya koma cikin gidaje. Haka kogin Lena ya yi wa garin Lensk na Rasha a watan Mayu na 1998 da na 2001. A karo na biyu sai da jiragen yaƙi suka jefa wa ƙanƙarar bama-bamai. A Afrilun 2020 kogin Atabaska ya kori mutane wajen 13,000 daga Fort McMurray a Kanada.

Maganin da hukumomi ke tinƙaho da shi shi ne rada ta tauraron ɗan Adam. Kanada ta harba RADARSAT na farko a 1995, ta ƙara uku a lokaci guda a 2019. Turai ta harba Sentinel-1 a 2014, kuma hotunansa kyauta ne. Rada ba ta jiran rana, gajimare ba ya tare ta. Tana aika igiyarta ƙasa ta saurari abin da ya dawo: ruwa mai laushin fuska ya fito baƙi, ƙanƙarar da ta karye ta hau kan juna ta fito fari fat. Da haka ake gane inda toshewa take da tsawonta. Wannan ci gaba ne, babu mai musu.

Sai dai masu riƙe da kasafin kuɗi suna da wata ɗabi'a ko'ina: in an sayi na'ura mai tsada, sai su fara ganin albashin mai auna ruwa a bakin gaɓa kamar asara. Kuskure ne babba. Tauraro guda na Sentinel-1 kan yi kwana 12 kafin ya maimaita hanyarsa, alhali toshewa na iya haɗuwa cikin sa'o'i. Kuma a daidai lokacin narkewa, lokacin da ake matuƙar buƙatar gaskiya, ruwan da ya kwanta bisa ƙanƙara kan sa ta fito baƙa, tamkar kogin ya buɗe. Dole wani ya tsaya a gada ya duba da idonsa, wani ya ɗaga tarho, magajin gari kuma ya yarda ya tashi mutane da dare ko da za a zage shi in ruwan bai zo ba.

Kogin Isa ba ya daskarewa, amma radar nan ce ke hango ambaliya ta cikin gajimaren damina. Cibiyar AGRHYMET tana zaune a Yamai tun 1974, hedikwatar hukumar kogin ma nan take. Duk da haka, a 2020 ruwa ya fasa shinge ya shiga unguwannin gaɓar dama, iyalai suka ƙare a azuzuwan makarantu da tabarminsu.