Kuɗin Parkin Ko Kuɗin Inuwa?

Hutun da ya wuce na sauka Gazawa wurin yayana, malamin lakwal ɗan kwantaragi da ke koyarwa a wani ƙauye bisa hanyar Gangara. Ɗaki ɗaya yake haya cikin wani gida mai ɗaki 8, jika 7 a wata. Wata Litinin da sassafe ya fito zai tafi aiki, sai ya tarar an ɗaure ƙafar motonshi da sarƙa a jikin dogon yaron da ke tsakar gida, an danna kwaɗo. Wakilin mai gida na zaune bisa benci yana jan tasbaha.

"Malam, Alhaji ya ce wata uku ba ka biya kuɗin parkin ba. Jika uku, da tara dala ɗari."

"Baba, yaushe munka yi wagga magana da ku?"

"Ai ga shi can an rubuta ga bango."

Da gaske an rubuta, da gawayi, bayan yayana ya shekara biyu a gidan. Ya biya, don yara na can suna jiranshi kuma darakta ba ya jin labarin sarƙa. Resi kuwa ba a ba shi ba. Ni dai na ce wannan magana ba ta mutuwa a nan, sai na kawo ta gabanku.

Ƴan uwana ɗalibai, karatuna na kimiyyar harshe ne, don haka ku bar ni in fara da kalmomi. Hausa tana da wata ƴar ƙaramar hanya ta haifar da bashi: ka ɗauki "kuɗi", ka liƙa mishi -n, ka jingina duk sunan da ka ga dama. Kuɗin ruwa, kuɗin kuran, kuɗin shara. Waɗannan mun yarda da su, don akwai fakitir ɗin NIGELEC, akwai mai kura da ke kwashe shara. Amma nahawu ba ya tambaya ko akwai aiki bayan sunan. Yadda ya karɓi "kuɗin ruwa" haka zai karɓi "kuɗin inuwa" da "kuɗin iska". Mai gida ya gane haka, shi ya sa ya aro kalmar da ta fito daga Ingilishi ta biyo ta Faransanci. Da ya rubuta "kuɗin tsakar gida" da kowa ya yi mishi dariya, don ko yaron goye ya san wanda ya kama ɗaki ya kama shi da hanyar shiga, da makewayi, da wurin shanya, da inda zai kafa murhu. Da aka ce "parkin" sai tsakar gidan da muka sani ta koma haja.

Ku duba kalma ta biyu, "ajiya". Ran kasuwa idan ka kai moto wurin masu tsaro, ka ba da dala goma ko ashirin, ana ba ka ƴar takarda mai lamba, kuma akwai mai zama yana kallo. Ajiya ke nan, kuma ajiya amana ce. Na tambayi wakilin: "Baba, in an sace moton cikin dare, Alhaji zai biya?" Ya ce: "Haba ɗana, Allah shi ka tsarewa." To, in Allah ke tsarewa, jikar da ake karɓa ta mece ce? Gidan ba mai gadi, ba rumfa, ƙofar waje ma sakatarta ta lalace tun bara. Kuɗin ajiya ake so, nauyin ajiya an ƙi.

Kalma ta uku ta fi ba ni haushi: "tara". A ƙasar Hausa sarki ke cin tara, alƙali ke yanke ta, yau kuma meri da jastis da ƴan sanda, kowa da dokar da ta ba shi dama. Mai gidan haya abokin ciniki ne. Wanda ka yi ciniki da shi, in yana ganin yana binka bashi, sai ya kai ƙara. Ya zama shi ne mai ƙara, shi ne alƙali, shi ne dogari mai sarƙa, wannan fin ƙarfi ne tsagwaronsa.

Kada wani ya ce ƙasar ba doka. Tun 1996 Nijar take da dokar da ta keɓanta ga hayar gidaje, kuma kundin dokar farar hula da muka gada ya kafu bisa cewa yarjejeniya tana ɗaure waɗanda suka ƙulla ta. Wanda bai ƙulla ba, ba ta hau kanshi ba. Malamanmu na zaure masu karantar da Risala da Muhtasar su ma haka suke koyarwa a babin ijara: sai an san abin da aka ba da haya, an san ladansa, tun lokacin ƙulla ciniki. Rubutun gawayi da aka yi bayan shekara biyu bai shiga ko ɗaya daga cikinsu ba.

Ko a Ingila, inda kamfanoni ke cin abinci da kuɗin ajiye motoci, dokar 2012 ta haramta wa masu fili su garƙame motar mutum don ya ƙi biya. A 2015 wani mai suna Beavis ya ja da cajin fam 85 har Kotun Ƙolin Birtaniya, ya sha kaye, kuma cikin abin da ya kayar da shi akwai cewa allunan sanarwa suna nan ƙarara tun kafin ya shiga wurin. Ka ga ko inda mai fili ya yi nasara, sanarwa ce ta riga biya. Mu nan sai an ɗaure moto ake nuna maka bango.

Na san abin da masu gidaje za su ce, kuma ban raina shi ba. Siminti ya yi tsada, ƴan haya na jinkirta biya, satar moto gaskiya ce. Wani gidan ma motoci shida ne suka cushe hanya, mata ba su samun wurin daka. Duk na ji. In gadi ake so, a tara ƴan haya a yi shawara, a ɗauki mai gadi, a raba kuɗinshi, a rubuta. In rumfa za a kafa, a kafa mu gani. In kuma hayar ce ta yi kaɗan, a fito fili a ce an ƙara haya, mai iyawa ya zauna, marar iyawa ya nemi wani wuri. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne ƙarin haya da aka naɗe cikin baƙuwar kalma.

Kuma ku lura da wa abin ke faɗawa. Tun da aka ɓalle Gazawa daga Agye ta zama departama a 2011, ma'aikata suka ƙaru, ɗakuna suka yi daraja. A Gidan Rumji, tun 2019 da ƴan gudun hijira suka shigo daga Sakkwato, Zamfara da Katsina, ma'aikatan agaji suka biyo su, masu gidaje suka ɗanɗana hayar masu albashi mai kauri. Amma mai moto a garuruwanmu yawanci malamin lakwal ne, ko ma'aikacin likita da ke zagaya ƙauyuka, ko ɗan kabu-kabu da moton ma ba nashi ba ne. Wurinsu moto ƙafa ce. Wanda ya ɗaure moton malami ya rufe aji guda na yini guda.

Ga shawarata ga duk mai kama ɗaki a Agye, Cadawa, Gazawa, Tibiri ko Gidan Rumji. Kafin ka ba da ko dala ɗaya, ka tambaya a gaban shaidu biyu: hayar nan ta haɗa da wurin moto? A rubuta amsar, ko da a takardar kaye ce, kowa ya sa hannu. Duk abin da ka biya ka nemi resi, a rubuta sunan abin da aka biya dominsa. Da yawa daga cikin waɗannan kuɗaɗe suna narkewa da zarar an ce a rubuta su. In an ɗaure maka moto kada ka fasa kwaɗo, kada ka yi zagi. Ka ɗauki hoto da salula, ka kira sauran ƴan haya su gani, ku tafi tare wurin mai unguwa. Sarakunan gargajiya suna da ikon sasanci a irin wannan rigima, in ta gagara jastis na nan. Ku tafi tare na ce, don ɗan haya guda ana iya korarshi da safe, amma ɗaki takwas ba su zama kango a rana ɗaya ba tare da mai gida ya ji a aljihunshi ba.

Yayana da maƙwabtanshi sun yi hakan kafin in koma Yamai. Mai unguwa ya saurari kowa, ya tambayi wakilin ina mai gadin da ake biya. Washegari aka shafe rubutun bango da jiƙaƙƙen tsumma. Jika uku da dala ɗarin dai har yau ba su dawo ba, kuma yayana ya ce ba zai daina tambaya ba.